Wuta daga Kashin Shanu, da Maganin da ke Ɓoye a Cikinsa

Manufar darasi

Idan ka gama wannan darasi za ka san abu uku: yadda ake samun gas na girki daga kashin dabbobi, yadda maganin da aka yi wa dabba allura ke fita cikin kashinta, da abin da za ka yi don kada maganin nan ya dawo wa iyalinka ta ruwa ko ta abinci. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta masa, musamman mai sharar turke da mai girki.

1. Itace ya yi tsada, kashi ya yi yawa

Duk wanda ya daɗe a Njamena ya tuna wahalar farkon shekarar 2009, lokacin da gwamnati ta hana gawayi domin ta kare itatuwa. Mata suka koma ƙona ƙwallon goruba da busasshen kashin shanu. A 2011 aka buɗe matatar mai ta Jarmaya, gas na kwalba ya shiga gidaje da yawa. Amma ba kowa ke da kuɗin cika kwalba ba, wani lokaci kuma gas ɗin yakan yanke a gari. Har yau gidaje da dama da itace suke girki.

Hayaƙin itace da na busasshen kashi cuta ne. Yana sa ido ya yi ja, yana kawo tari mai daɗewa, yana kuma buɗe wa ciwon huhu hanya a jikin ƙananan yara, musamman wanda ke goye lokacin da uwa ke hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020.

A ɗaya gefen kuma, Allah ya ba ƙasar Chadi dabbobi. Ƙidayar da aka kammala a 2015 ta sami kusan miliyan 94 na shanu, tumaki, awaki, raƙuma, dawakai, jakai da sauransu, ban da kaji. Ka duba kasuwar dabbobi ta Digel, ko ta Masaget, ko kowane gida da ake turka, za ka ga kashi ya taru. Idan ya zauna a fili ƙuda ne ke bin sa, ruwan sama kuma ya kwashe shi zuwa rijiya da kogin Shari. Wannan kashin da muke ƙyama yana iya dafa tuwo ba tare da hayaƙi ba.

2. Yadda ramin gas ke aiki

Ramin gas ɗaki ne da ake ginawa cikin ƙasa da bulo da siminti, samansa kamar kifaffiyar ƙwarya, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Masu gina shi da Faransanci suna ce masa biodigesteur. Yana da baki uku: inda ake zuba kashi, inda bututun gas ke fita zuwa murhu, da inda ruwan taki ke malalowa. Akwai kuma irin na babbar leda mai kauri, wanda ya fi araha amma bai kai na siminti daɗewa ba.

Ka ɗauke shi kamar tumbin saniya. Cikin ɗanyen kashi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Ba dukansu ne ke sa cuta ba. Waɗansu aikinsu narka abinci ne a inda babu iska, suna kuma fitar da gas. Fiye da rabin gas ɗin wani iri ne da ake kira metan, shi ne ke kamawa da shuɗiyar wuta. Bakteriyan nan sun fi jin daɗin ɗumi na wajen digiri 35, saboda haka yanayinmu ya dace da su. A watan Disamba da Janairu, lokacin sanyin hunturu, gas yakan ragu kaɗan. Wannan ba lalacewa ba ce.

Ga lissafin da za ka riƙe. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas wajen lita 1,000, wanda zai riƙe murhu mai kai ɗaya awa biyu zuwa uku. Matsakaicin gida yana bukatar kilo 30 zuwa 40 kowace rana, wato kamar bokiti biyu, da ruwa bokiti biyu. Ana damawa kamar kunu mai kauri, a tsince tsakuwa da kara, a bar yashi ya kwanta, sa'an nan a zuba. Shanu huɗu da ke ɗaure a gida dare da rana suna iya ba da wannan. In suna fita kiwo, rabin kashin a daji yake zuba, sai ka bukaci ninkinsu. Busasshen kashi ba ya ba da gas sosai, yana kuma taruwa a sama ya toshe ramin. Kashin yakan yi kwana 40 zuwa 60 a ciki kafin ya fito a matsayin ruwan taki, marar wari sosai, mai kyau ga gona.

Wannan ba sabon abu ba ne. A Sin da Indiya an gina miliyoyinsu. Burkina Faso ta kafa shirin ƙasa na ramin gas, an kuma gina fiye da 10,000 a gidajen manoma. Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo a ƙasar Benin tana girki da shi, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa. Kafin ka sa kuɗinka, ka tambayi kanka ko kana da kashi da ruwa kowace rana, rani da damina. Ka kuma nemi magini da ya koyi wannan aiki, gama tsaga ɗaya a rufin ta isa gas ya tsere.

3. Ƙa'idodin tsaro

a. Kada kowa ya shiga cikin ramin, ko da an kwashe shi. Iskar da ke ciki tana sumar da mutum nan take, tana kuma kashe wanda ya shiga ceto.
b. Ka rufe bakin zuba kashi da na fitar taki da murfi mai nauyi saboda yara.
c. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin girki, gas na yoyo. Ka rufe famfon gas, ka buɗe ƙofa da taga, kada ka ƙyasta ashana. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu a bayan bututu, inda ya yi kumfa nan ne.
d. Kada ruwan sabulu, omo, javel, man inji ko maganin ƙwari su shiga ramin. Suna kashe bakteriyan da ke yi maka aiki.
e. Ka gina shi a tudu, nesa da rijiya. Mutanen Waliya da sauran unguwannin bakin kogi sun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa masai da rijiyoyi.
f. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, wataƙila ciwon saifa ne. Kada a feɗe ta, kada kashinta ko jininta ya shiga ramin, gama ƙwayar wannan ciwo ba ta mutuwa a ciki. A kira ma'aikacin dabbobi.

4. Maganin da ke bin kashi

Antibiyotik magani ne da ke kashe bakteriya masu sa cuta. Ka san su: penisilin, amoksisilin, kotrimoksazol, da kafso ja da rawaya na tetrasiklin. Wanda makiyaya suka fi sani shi ne oksitetrasiklin, ruwan allura mai launin zuma da ke cikin kwalba mai duhu, wanda aka rubuta wa LA, wato mai daɗewa a jiki. Waɗannan na dabbobi da na mutane dangi ɗaya ne. Wani lokaci ma magani ɗaya ne, kwalba ce kawai ta bambanta.

Jikin dabba ba ya cinye maganin duka. Gwargwadon irinsa, kashi 30 zuwa 90 cikin 100 yana fita ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa. Wani ɓangare yana shiga madara, wani yana zama cikin nama, hanta da ƙoda na kwanaki, a kaza kuma yana shiga ƙwai. Saboda haka idan ka yi wa sa allura ranar Litinin, kashin da za ka kwashe ranar Laraba yana ɗauke da magani. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa.

5. Me ya sa wannan ya shafi lafiyarka

Maganin da ke cikin taki ko ruwan rijiya kaɗan ne, ba zai kwantar da kai yau ko gobe ba. Ƙanƙantarsa ce haɗarin. Idan bakteriya suka sadu da magani mai cikakken ƙarfi, yawancinsu sukan mutu. Idan suka sadu da kaɗan kaɗan kullum, raunana ne ke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Suna kuma iya miƙa wannan taurin kai ga waɗansu bakteriya da ba danginsu ba. Tsibin kashi mai ɗumi da laima wuri ne da wannan ke faruwa sosai.

Daga nan hanya ba ta da nisa. Ƙuda ya tashi daga kashi ya sauka kan abincin yaro. Ruwan sama ya kai kashi rijiya. An zuba ɗanyen taki a lambun bakin Shari, an tsinko latas an ci ɗanye. Mai sharar turke ya ci abinci bai wanke hannu ba. Bakteriyan suka zauna cikin hanjin mutum shiru, har ranar da suka sa masa ciwon mafitsara, ko zawo mai jini, ko suka shiga miki, ko jinin jariri sabon haihuwa.

A ɗakin shan magani muna ganin ƙarshen labarin. Mai ciki ta zo da zafin fitsari, ta sha maganin da ke warkar da irin wannan a da, bayan mako ta dawo da zazzaɓi. Sai a koma ga allura mai tsada, a kwantar da ita, iyali su sayar da akuya. Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2022 ya nuna cewa bakteriya masu ƙin jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019 kaɗai. In aka duba yawan jama'a, yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi kowane yanki asarar rayuka. Shan magani barkatai da mu mutane ke yi shi ne babban dalili, amma na dabbobi yana ƙara wa wutar itace.

6. Ramin gas ba ya wanke magani

Waɗansu suna tsammani duk abin da ya bi ta ramin gas ya tsarkaka. Ba haka ba ne, wannan kuwa shi ne zuciyar darasinmu.

Gas ɗin kansa ba shi da laifi. Magani ba ya bin gas zuwa murhu, abincin da aka dafa da shi lafiya lau ne. Matsalar tana wuri biyu.

Na fari, antibiyotik bai san bambancin bakteriya mai cuta da mai amfani ba. In kashi mai magani ya yi yawa a ramin, bakteriyan da ke yin gas sukan raunana, wuta ta ragu.

Na biyu, ba kowane magani ke narkewa a ciki ba. Dangin penisilin sukan lalace da sauri. Dangin tetrasiklin kuwa suna manne wa ɓarɓashin kashi su daɗe. Masu bincike a Amurka sun gwada wannan da kashin maruƙan da aka ba oksitetrasiklin, suka buga sakamakon a 2006. Gas ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, bayan wata biyu a ɗumin digiri 35 kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na maganin yana nan. Da aka tara irin wannan kashi da ciyawa aka bar shi ya yi zafi a tsibi inda iska ke shiga, mafi yawan maganin ya ɓace cikin 'yan kwanaki.

Haka yake ga ƙwayoyin cuta. Ramin gas yana rage su ƙwarai, amma ɗuminsa bai isa ya kashe duka ba. Ƙwan tsutsar ciki yana iya fitowa da rai. Zafin tsibin taki, wanda ke kai digiri 55 zuwa 65, shi ne ke ƙarasa aikin. Ke nan ramin gas da tsibin taki abokan aiki ne, kowa da nasa.

7. Abin da za ka yi da kashin dabbar da ke kan magani

a. Ka ware ta. Ka ɗaure ta a turke dabam, ka sa mata alama da igiya ko tsumma a wuya don kowa a gidan ya sani.
b. Ka rubuta ranar allura ta ƙarshe a bango ko a littafi.
c. Ka duba kwalba. Akwai wurin da aka rubuta temps d'attente ko délai d'attente, wato lokacin jira. Akwai kwanakin nama, akwai na madara. Ga oksitetrasiklin LA, na nama yakan kai mako uku zuwa huɗu ko fiye, na madara wajen mako ɗaya. Waɗansu kwalabe ma sun hana a yi wa saniyar da ake tatsa. Abin da kwalbarka ta faɗa shi za ka bi.
d. Doka mai sauƙin tunawa: muddin naman dabbar bai halatta a ci ba bisa kwanakin kwalba, kashinta ba ya shiga ramin gas, ba ya kuma zuwa lambu. Tsibi zai tafi, tare da shimfiɗar da ta yi fitsari a kai.

Ga yadda ake tsibin. Ka zaɓi inuwa a wuri mai tudu, aƙalla mita 30 daga rijiya. Ka shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa, ka zuba kashi, ka sake zuba ciyawa, ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, haka haka har ya kai tsayin ƙugu, faɗinsa kamar taku biyu. Ka yayyafa ruwa ya yi laima, kada ya jiƙe sharkaf. Ka soka sandar ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku ka zare ta. In ta yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa, aiki na tafiya. In ta yi sanyi, ko ya bushe ne, ko ruwa ya yi yawa, ko tsibin ya yi ƙanƙanta. Ka juya shi kowane mako ɗaya ko biyu, na gefe ya koma tsakiya. Da damina ka rufe shi da tsohuwar tabarma ko leda. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Ya nuna ke nan.

Kashin da ka sayo daga kasuwar dabbobi ko gidan kaji, ba ka san abin da aka ba su ba. In na lambu ne, ka bi da shi ta tsibi tukuna.

Ruwan takin da ke fitowa daga ramin gas ya dace da gero, dawa, masara da itatuwa, a zuba a gindi a rufe da ƙasa. In don kayan lambun da ake ci ɗanye ne, kamar latas, tumatir da karas, ka haɗa shi da ciyawa ya bi ta tsibi, ka kuma bar aƙalla wata ɗaya tsakanin zuba taki da tsinka. Bayan kowane aikin kashi, ka wanke hannu da sabulu.

8. Uwargida, wannan naki ne

Madarar saniya ko akuyar da ke kan magani ba ta sha ba ce, ba kuma ta sayarwa ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta kamar na tarin fuka, don haka ki ci gaba da tafasa kowace madara. Amma tafasawa ba ta fitar da magani duka. In kin ga madara ta ƙi kamawa ta zama nono ko kindirmo ba tare da dalili ba, ki tambaya ko an yi wa saniyar allura, gama magani yana kashe bakteriyan da ke sa ta tsami. Madarar kwanakin jira a zuba ta kan tsibin taki. Mai kawo madara gari a jarka kan babur ya sani cewa tatsar saniya ɗaya mai magani tana gurɓata jarkar duka, yara ne kuma suka fi shan ta.

Kada ki buɗe kafson mutane ki zuba wa kaji a ruwa. Annobar da ke share kaji lokacin hunturu birus ne ke kawo ta, antibiyotik ba ya taɓa birus. Rigakafi ne maganinta. Ragon layya kuma, in an yi masa allura ana sauran kwana kaɗan salla, naman yana ɗauke da magani. Wanda jikinsa ba ya son penisilin yana iya yin ƙuraje ko kumburi daga irin wannan nama ko madara.

9. A rage magani tun daga tushe

Maganin da bai shiga dabba ba, ba zai fita cikin kashi ba. Antibiyotik ba abin ƙiba ba ne. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ba dabbobi shi don su yi girma tun 2006. Ba ya kashe tsutsar ciki, ba ya warkar da sammore. Dabbar da ta rame tana iya bukatar maganin tsutsa, ko abinci, ko ruwa mai kyau.

Ka nuna wa ma'aikacin dabbobi kafin ka yi allura. Maganin da dokta Shuku ke yawo da shi cikin rana, ba ka san asalinsa ba, ba ka san ƙarfinsa ba. In an rubuta magani, ka ba da cikakken awo bisa nauyin dabbar, har kwanakin su cika. Rabin awo shi ne ke koya wa bakteriya taurin kai. Ragowar magani da kwalabe kada su shiga ramin gas, ko tsibi, ko hannun yara. Ka kai dabbobinka rigakafi kowace shekara.

Ƙasarmu tana da tarihi a wannan. Tun shekarar 2000, ma'aikatan lafiya da na dabbobi, tare da cibiyar binciken dabbobi ta Farsha, suka riƙa fita tare zuwa wurin makiyaya a Shari-Bagirmi da Kanem, ana yi wa yara da mata rigakafi a ranar da ake yi wa shanu. Sun gane cewa lafiyar garke da ta mai garke ba sa rabuwa. Dabbobi da ƙasa da ruwa amana ce da Allah ya ba mu, maganin da ke ceton 'ya'yanmu ma amana ne.

Abin da za a tuna

1. Ɗanyen kashi da ruwa daidai da daidai, kowace rana, suna ba da wuta marar hayaƙi.
2. Ba a shiga ramin gas.
3. Magani yana fita ta kashi, fitsari, madara da ƙwai, yana kuma zama cikin nama.
4. Kashin dabbar da ke kan magani tsibi yake zuwa har kwanakin jira su cika.
5. Takin da zai je kan kayan lambu sai ya yi zafi a tsibi tukuna.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Bokiti nawa na ɗanyen kashi kake samu a gidanka kowace safiya? Zai isa ramin gas, ko sai kun haɗu da maƙwabta?
2. Ka ɗauko kwalbar maganin dabbobi da ke gidanka. Kwana nawa aka rubuta na nama, nawa na madara?
3. Taku nawa ne daga turkenka zuwa rijiyar da kuke sha?
4. Wa ke yi wa dabbobi allura a unguwarku, wa kuma ya koya masa?

In akwai abin da bai fito maka sarai ba, ka zo da ɗan littafin nan ɗakin shan magani, ka zo da kwalbar ma, mu duba tare. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.